Rumfa Mai Yoyo a Saman Benenmu

Tun kafin ƙarfe bakwai na ji gora tana bugun ƙarfen matakala, na san Kaufu ya iso. Na diro daga gado, na zura takalmi, na fita ko gashi ban taje ba.

Kaufu Mak yayan Mami ne. Shekara talatin da takwas yana kafa gora a jikin dogayen benayen Hong Kong domin magina su samu wurin takawa. Na tarar da shi a hawa na shida, da gora huɗu a kafaɗa, yana zagin wanda ya ƙera lif ɗinmu don bai yi shi da tsawo ba.

"'Yar jami'a! Kauce mini kafin in tsire ki."

"Ina kwana, Kaufu."

"Me kika ce? Wai ku a jami'ar nan ba a koya muku buɗe baki ba?"

Na yi murmushi na manne da bango. Haka muke da shi tun ina ƙarama.

Rumfar da zai kafa mana ta Nana Mozel ce, mahaifiyar Abbana. Shekararta tamanin da shida. A Kalkata aka haife ta, ta zo nan tana amarya, kuma tun daga lokacin ba a taɓa yin idin Sukkot, idin rumfa na Yahudawa, ba ta ci abinci a rumfar majami'ar da ke kan tudu ba. Shekara biyu da suka wuce ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye, hawa tudu ya ƙare. Idonta ma ya soma dushewa. An riga an yanke shawara nan da sati uku Gwaggo Sima za ta zo ta tafi da ita Landan, kuma kowa a gidan ya san ba tafiyar dawowa ba ce.

Wata rana muna cin abinci ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Idi biyu ke nan ina ci a ƙarƙashin siminti. To, sauran ma haka za su ƙare." Ta ci gaba da tsince ƙayar kifinta.

Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ni ba mai addu'a ba ce. Sau uku na taɓa shiga majami'a, a na ukun wata mata mai fara'a ta riƙe hannuna ta ce tunda mahaifiyata ba Bayahudiya ba ce, ni baƙuwa ce, amma suna murna da baƙi. Ban sake komawa ba. Abba kuwa likitan haƙori ne, yakan ce abu ɗaya ya yi imani da shi a duniya, goge baki sau biyu a rana. Ranar babban azumi yakan je shagon kan kwana ya ci gasasshen naman alade da shinkafa, sai dai yana zaɓen teburin da ba a hangowa daga tagar Nana.

Duk da haka sati biyu na yi ina karanta ƙa'idojin rumfa a ɗakin karatun da nake aiki. Bango aƙalla uku. Rufi da abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke shi. Inuwa ta fi rana yawa, amma a bar kafofin da za a hango taurari. Kada wani abu ya shiga tsakanin rufin da sama. Na rubuta su tsaf a takarda. Mami ta buga wa yayanta waya, ya ce zai zo ya yi kyauta, don tsohuwar ta taɓa yi masa jinyar ƙafa da wani man shafawa mai wari.

A saman bene na ciro takardar daga aljihu.

"Kaufu, akwai wasu 'yan ƙa'idoji..."

"Rumfa ce ko ba rumfa ba?"

"Rumfa ce."

"Mutum nawa?"

"Kamar takwas."

"To shi ke nan. Ni za a koya wa rumfa? Je ki nemo ganyen adon da kika ce."

Na mayar da takardar aljihu. Na ce wa kaina zan gaya masa idan na dawo.

Shekaranjiya guguwar teku ta ratsa gari, don haka ma'aikatan share titi sun tara rassan dabino a bakin lambun unguwa, tuli guda, kore shar. Na tambayi wata daga cikinsu da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, ta ce in kwashe duka in ina so. Sawu biyar na yi. Ina jan rassan a kan titi, mutane suna tsallake su da kwalayen wainar wata a hannu, domin a bana idinmu da Bikin Tsakiyar Kaka sun faɗo dare ɗaya. Kowane shago ya rataye fitilun takarda, ja da ruwan ɗorawa, wasu siffar kifi, wasu zomo. Na ji kamar duk unguwarmu ta Sai Ying Pun ni take taya shiri. Malam Iƙbal mai gadin benenmu ya riƙe mini ƙofar lif yana dariya.

"Shuli, akuya kika saya?"

"Rumfa ce, ta Nana."

"Madalla! A ajiye mini kujera."

Na tara rassan a bakin ƙofar saman bene, sai da na kawo sawu na ƙarshe wajen ƙarfe biyu sannan na tura ƙofar. Na tsaya cak.

Rumfar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ginshiƙai shida, bango uku na tabarmar gora, ko'ina a miƙe kamar an ja da zare. A samanta kuma Kaufu ya shimfiɗa tampol, irin mai ratsin ja da fari da shuɗi, ya ja shi ya ɗame kamar fatar ganga, ya ɗaure kowace kusurwa. Ko allura ba za ta ratsa ba.

Yana zaune a kan bokiti yana shan shayi. Abba yana gefensa, ya dawo daga asibiti da wuri, hannu a aljihu.

"Yaya kika gani?" in ji Kaufu. "Rediyo ya ce akwai yayyafi da yamma. To ya zo! Ko guguwar shekaranjiya ce ta dawo, Po-po ba za ta ji ɗigo ɗaya ba." Haka yake kiran Nana.

Na ce, "Ta yi kyau, Kaufu."

Na ja Abba bayan tankin ruwa.

"Abba, ba ta yi ba. Ba a rufe ta da tampol."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Shuli, saurara. Mutumin nan ya bar aikinsa na yini guda, ya hau hawa tara da gora a kafaɗa sau ban san adadi ba. Ki jera ganyenki ta ciki, a ƙasan tampol ɗin. Nana ba ta ganin yatsunta sosai, balle rufi. Za ta ji ƙanshin ganye, ta yi murna, kowa ya ci abinci."

"Amma ƙarya ce."

"Wa za a yi wa ƙaryar? Sama ba kowa. In ma akwai, ina jin yana da aikin da ya fi auna tampol."

"Nana za a yi wa."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Kin san kawunki. In kika ce aikinsa bai yi ba, sai an shekara bai taka gidan nan ba, kuma mamanki ce za ta sha. Ke ma fa ba ki yarda da ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba."

Gaskiya ya faɗa. Na tsaya ina kallon inuwar tanki, ta riga ta soma karkata. Rana za ta faɗi ƙarfe shida da 'yan mintoci, kuma daga nan Nana ba za ta yarda a taɓa ko tsinke ba. Na hango ta a raina zaune a ƙarƙashin leda, ta ɗaga fuska sama tana sa albarka, mu duka mun sani, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Da wannan za ta tafi Landan.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni gaban Kaufu ba.

"Kaufu, sai an cire tampol ɗin."

Ya sauke kofin daga bakinsa. "Me?"

"Sai an cire. Ganye kaɗai ake so a sama. Kuma a bar kafofi."

"Kafofi. A rufi."

"I."

"In aka yi ruwa fa?"

"Sai ya shigo."

Ya juya wajen Abba. "Likita, 'yarka lafiya? Ko karatun ne ya taɓa ta?" Ya miƙe tsaye. "Shekara talatin da takwas! Ki zaga daga nan har Tuen Mun ki tambaya ko an taɓa cewa rufin Mak ya yi yoyo. Yanzu a ce in gina mai yoyo da gangan, in zaunar da tsohuwa a ciki? Ba da hannuna ba."

"Laifina ne, Kaufu. Da safe ya kamata in faɗa."

"Da safe kin haɗiye harshenki!"

Ya fara tattara kayansa, wuƙa, igiyoyin roba, ɗamarar aiki. Na ciro takardata, na fara karanta masa labarin kakanni da suka yi shekara arba'in a hamada cikin bukkoki. Ko juyowa bai yi ba.

"Hamada ba a ruwa. Nan Hong Kong ce."

Ya rataya jakarsa. Na ji hawaye yana taruwa, na ji haushin kaina. Sai na faɗi abin da ba ya cikin takardar, da ƙarfin da ya sa tattabarun kan tanki suka tashi.

"Nana ta ce kada wani abu ya tare tsakaninta da sama! Ta ce in an rufe, ba a ganinta!"

Kaufu ya tsaya, hannunsa a kan ƙofa.

"Wa ba ya ganinta?"

"Allahnta."

Ya juyo a hankali. "Wato kallo ake yi daga sama?"

"Haka ta ce."

"To me ya hana ki faɗi haka tun farko, kika tsaya yi mini karatun hamada?" Ya sauke jakar. "Kin san rumfar wasa da muke kafawa a Tsing Yi kowace shekara, ta bikin Tin Hau, uwargijiyar teku da masunta ke bauta wa? Mai cin mutum dubu? Duk girmanta, sai mun juya bakinta ya kalli ɗakin uwargijiyar, kuma ba a tare tsakani. Wata shekara wani sabon injiniya ya ce a karkata ta don hanyar mota. Maigidana ya ce a kwance gaba ɗaya. Aka kwance! Wasan nata ne, ta ina za ta kalla?"

"Kai ka yarda tana kallo, Kaufu?"

"Ni na sani? Shekara talatin da takwas ban taɓa ganin ta sayi tikiti ba. Amma ina bar mata hanya." Ya harare ni. "Ke fa?"

"Ban yarda ba."

"To riƙe mini tsani, marar imani."

Ya hau kamar ɗan shekara ashirin. Wuƙa ta yi ƙyas, ƙyas, ƙyas, tampol ya saki, iska ta ɗauke gefensa ya yi wani irin ƙara, haske ya zubo cikin rumfar. Na yi tsalle har sau biyu kafin in tuna ni ce nake riƙe da tsani.

"Kashe ni za ki yi? Miƙo ganye!"

Na shiga miƙa masa rassan ɗaya bayan ɗaya. Ya jera goma sha biyu, ya ciro igiyar roba daga ɗamararsa zai ɗaure.

"A'a!"

Abba ne. Mu duka muka juya.

"Ba a ɗaure rufin da roba," ya ce, yana kallon takalminsa. "Babana bai taɓa yarda ba. Abin da ya tsiro kaɗai. Kuma wancan gefen ya yi sarari da yawa, rana ta fi inuwa. Ku gitta su, kada ku jera su hanya ɗaya."

Na duba takardata. Zancen roba ba ya ciki.

"Abba, a ina ka..."

"Shekara goma sha ɗaya ni nake hawa rufin rumfar majami'a. Hannu ne bai manta ba, ba wani abu ba. Kada ki dube ni haka."

Kaufu ya fashe da dariya har tsanin ya girgiza. "Likita! Ashe liman ne a ɓoye! Gobe in na gan ka a shagon naman alade sai na tona."

"Yi aikinka, Mak."

"To da me zan ɗaure, ranka ya daɗe?" Sai idonsa ya yi haske. "Tsaya. Ba ni ɗanyar gorar can."

Ya sauko, ya dafe gorar da ƙafa, ya sa wuƙa ya tsaga ta, ya sake tsagawa, ya ci gaba har sai da ta koma sirara-sirara kamar zare. Ya tsoma su a bokitin ruwa. Ya ce haka ake ɗauri kafin roba ta zo, kuma rabonsa da yi tun yana koyon aiki. Na farko ya karye, ya yi zagi. Na biyu ya kama. Daga nan yatsunsa suka tuna, sai murɗawa yake yi yana soke bakin, yana waƙa da muguwar muryarsa.

Abba ya cire rigar sama, ya naɗe hannu, ya hau bokiti. Suka shiga musu a kan kowane reshe.

"Matsar da shi hagu."

"In na matsar, rami zai buɗe."

"Ramin ake so!"

"Ba irin wannan ramin ba, wannan jirgi zai wuce ta ciki!"

Ni kuwa suka mayar da ni ma'auni. Sai in kwanta rigingine a ƙasa a tsakiyar rumfar in duba sama in faɗi ko inuwa ta fi yawa. Ban taɓa yin ihu irin na ranar ba. "Ƙara ɗaya a kusurwa! A'a, ya yi yawa, ba na ganin sama! Haka! Haka!"

Ƙarfe biyar da rabi Mami ta hau da tukunyar kaza da shinkafa irin ta Nana, da wainar wata da ta zagaya shago huɗu kafin ta samu wadda ba kitsen alade. Ta kalli yayanta, ta kalli mijinta da ganye a gashinsa, ta kalle ni kwance a ƙasa, ta ce ba za ta tambaya ba. Iyalin Gurung na hawa na uku sun riga sun fito da fitilunsu don kallon wata, matar ta ba mu guda biyu muka rataya a bango. Malam Iƙbal ya kawo kujeru.

Saura minti ashirin rana ta faɗi. Lif ɗinmu a hawa na tara yake tsayawa, daga nan akwai matakala goma sha huɗu. Aka zaunar da Nana a kujerar katako, Abba ya kama gaba, Kaufu da Malam Iƙbal suka kama baya.

"Ina za ku kai ni? Heskel, in asibiti ne ka faɗa mini."

"Ba asibiti ba ne, Mama," in ji Abba.

"Po-po, kin ƙara nauyi," in ji Kaufu.

"Kai ne ka tsufa, Mak."

Ina gaba ina tafiya da baya, ina riƙe da ƙofa, dariya tana neman ƙwace mini. Aka sauke ta a tsakiyar rumfar.

Ta fara shaƙar iska. Ta miƙa hannu ta shafa tabarmar bango, ta bi ta da yatsu har kusurwa. Sannan ta ɗaga fuska sama, ta ƙanƙance idanu, ta daɗe a haka.

"Wa ya yi wannan?"

"Shuli," in ji Abba.

"Kaufu ne ya gina," na ce.

"Shulamit, zo nan. Idona ba ya kaiwa. Me kike gani a sama?"

Na durƙusa kusa da ita na duba. "Ganyen dabino, Nana. Da sama ta tsakaninsu. Akwai gajimare, amma ta can gabas ya yage, wata yana fitowa."

"Ba komai a kai? Ba leda, ba kwano? Shekarun baya wani ya yi mana wayo da gilashi."

Abba ya yi tari.

"Ba komai, Nana."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta buɗe tafin hannunta ta ɗora a gwiwa, tana jira. Ban gane abin da take jira ba sai da na ji ƙaramin motsi a kan ganye, tif, tif. Yayyafin da rediyo ya faɗa. Ɗigo ɗaya ya ratso ya sauka a wuyan hannunta, wani a kan goshinta.

Nana ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin ta faɗi.

"Tana yoyo! Heskel, tana yoyo! Wannan ita ce rumfa!"

Kaufu ya rufe fuska da hannu biyu.

Ta kunna kyandir da taimakon Mami, Malam Iƙbal yana kare iska da faranti. Aka zuba ruwan inabi. Ta miƙa wa Abba kofin.

"Mama, kin san ni ba na..."

"Ban tambaye ka abin da kake ba. Karanta."

Ya karanta. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya zo albarkar zama a rumfa, Nana ta damƙe hannuna ta ce in bi shi. Na ce a hankali, "Nana, a majami'a sun ce ni baƙuwa ce."

"A tasu rumfar. Wannan wa ya kwanta a ƙasa ya auna ta? Mamanki ta raɗa mini ɗazun nan. Buɗe baki."

Na buɗe. Muryata ta fita fiye da yadda na yi niyya, har yaran Gurung suka leƙo da fitilunsu.

Yayyafin bai daɗe ba. Muna cin kaza wata ya fito sosai, haskensa ya zubo ta kafofin ya yi tabo-tabo a kan tebur. Wani ɗigo da ya maƙale a ganye ya faɗo cikin kwanon Kaufu. Ya dubi kwanon, ya dubi rufin, ya ja kujerarsa gefe. Wani ya sake faɗowa a sabon wurin.

"'Yar jami'a," ya ce, yana nuna ni da tsinken cin abinci, "in wani ya tambaya, ba ni na gina ba."

"Kwana bakwai za a yi a cikinta, Mak," in ji Nana. "Gobe ma ka zo da yunwarka. Shulamit, ƙara masa shinkafa."